Ladybird zai fito da alfa a 2026, me ya kamata mu sa ran gani?

Abu Yasir: Assalamu alaikum jama'a. Wai akwai mai bibiyar aikin Ladybird a nan kuwa? Jiya da daddare na zauna na kalli rahoton da suke sakawa duk wata a YouTube, wlh abin ya tsaya min a rai. Ga wanda bai taɓa ji ba, sabon burauza ne ake ginawa tun daga tushe, ba su ari injin Chrome ba (inji shi ne ɓangaren burauza da ke karanta shafi ya zana shi a allo), ba su ari na Firefox ba, nasu suke ƙerawa da hannunsu. Sun ce sigar gwaji ta farko wato alfa za ta fito a tsakiyar 2026 a kan Linux da macOS, sigar gwaji ta biyu wato beta a 2027, cikakkiyar kuma 2028. Abin da ya fi jan hankalina shi ne a watan Oktoba na 2025 sun haye kashi 90 cikin 100 a Web Platform Tests, gwaje-gwajen nan da duk manyan burauza ke auna kansu da su. Ina so mu tattauna, me kuke ganin za a samu a wannan alfa ɗin, kuma ya cancanci a jira shi?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Yaya Abu Yasir ni fa ban ga abin zumuɗi ba. Burauza nawa muke da su yanzu? Brave, Opera, Vivaldi, Edge, Samsung Internet, ga Chrome ga Firefox ga Safari. Wanne ne ya gaza da har sai an ƙaro wani, kuma sai 2028? Kafin nan ai duniya ta yi gaba

Hajara: Sadiq waɗannan biyar na farko da ka lissafa duk abu ɗaya ne a ciki, riga ce kawai kowa ya ɗinka tasa. Brave da Opera da Vivaldi da Edge da Samsung Internet duk a kan Chromium suke, wato tushen da aka gina Chrome a kansa, injinsu Blink, kuma Google ne ke riƙe da akalarsa. Idan ka cire rigunan injuna uku ne kacal suka rage da ake amfani da su sosai a duniya, Blink na Google, WebKit na Apple, sai Gecko na Mozilla. Kuma ko Blink ɗin ma daga jikin WebKit aka cire shi a 2013, shi kuma WebKit daga KHTML na mutanen KDE. Opera tana da nata injin mai suna Presto ta ajiye shi a 2013, Microsoft da duk kuɗinta ta haƙura da nata ta koma Chromium, sabon Edge ya fito Janairun 2020. To ka ga idan wasu suka ce za su gina na huɗu ba ƙaramin abu ba ne.

Sadiq: To Anti Hajara na ji, amma ni mai buɗe shafi in karanta labari in rufe, ina ruwana da injin da ke ciki? Idan mota na tafiya ba na buɗe bonet

Malam Nura: Sadiq bari in ba ka labari tunda na girme ka a harkar nan. Lokacin da na fara taɓa kwamfuta Internet Explorer 6 ne sarki, ya fito 2001, sama da kashi 90 na masu shiga intanet da Explorer suke shiga. Da Microsoft ta ga ba ta da abokin karawa sai kawai ta naɗe hannu, sai da aka yi shekara biyar cif kafin sigar 7 ta fito a 2006. Shekara biyar babu ko tab, kowane shafi taga daban, ka buɗe biyar ƙasan allonka ya cika. Masu gina shafuka kuma suka daina bin ƙa'idar da aka yarda da ita suka koma bin abin da Explorer ke so, har za ka ga an rubuta a ƙasan shafi cewa da Explorer kaɗai yake aiki da kyau. Firefox ne da ya fito a 2004 ya tashe su daga barci. Abin da nake gani yanzu ya fara kama da wancan, sunan sarkin ne kawai ya canza.

Hajara: Wlh Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Watan da ya wuce na zauna cike wani fom a wani shafi da Firefox, na cike shafi huɗu, na ɗora hoto, na zo kan maɓallin turawa na danna ya ƙi motsi, na sake dannawa shiru. Na buɗe wajen da masu gina shafi ke duba kurakurai sai na ga sun yi amfani da wani abu da Chromium kaɗai ke da shi. Dole na koma Chrome na sake cikewa daga farko. Wanda ya gina shafin bai ma gwada a wani burauza ba, kuma a wajensa bai yi laifi ba tunda kusan biyu bisa uku na mutane Chrome suke amfani da shi. Ni aikina ke nan, ina ganin yadda abokan aiki ke cewa in ya yi a Chrome shi ke nan an gama, abin yana ba ni takaici sosai.

Ummi: Slm, don Allah ku yi haƙuri ni sabuwa ce a nan. Su waye ke yin Ladybird ɗin? Kamfani ne?

Abu Yasir: Barka da zuwa ƙanwata. Ba kamfanin neman riba ba ne. Wanda ya faro shi Andreas Kling ne, ɗan ƙasar Siwidin, ya taɓa aiki a Nokia da Apple a kan WebKit ɗin nan da Hajara ta ambata, so ba baƙo ba ne a harkar. A 2018 ya fara rubuta wani tsarin kwamfuta nasa mai suna SerenityOS, shi da kansa ya sha faɗa cewa ya fara ne bayan ya fito daga jinyar shaye-shaye don ya samu abin da zai riƙe masa hankali. A cikin wannan tsarin ne aka fara rubuta ɗan abin nuna shafin HTML, ya yi ta girma har ya zama burauza. A Yunin 2024 ya raba su biyu ya mayar da hankali kan Ladybird kaɗai, a Yuli kuma suka kafa ƙungiya mai zaman kanta a Amurka shi da Chris Wanstrath, ɗaya daga waɗanda suka kafa GitHub, dandalin da masu gina manhaja ke ajiye kod ɗinsu, wanda ya sa dala miliyan 1 daga aljihun iyalinsa. Shopify da Cloudflare ma suna cikin masu tallafa musu.

Sadiq: Yauwa an zo wajen. Dala miliyan 1 a aikin burauza ai kamar ɗigon ruwa ne a teku. Google ya biya Apple dala biliyan 20 a 2022 kawai don ya zama injin bincike na farko a Safari. Mozilla mai Firefox kanta mafi yawan kuɗinta daga Google yake fitowa. Su waɗannan da me za su ci gaba? Yau sun ce ba za su karɓi kuɗin injin bincike ba, gobe in albashi ya gagara za mu ga ko maganar na nan

Abu Yasir: Wannan tambayar taka mai nauyi ce kuma ni ma ita ce ta fi damuna. Abin da suka rubuta dai shi ne ba yarjejeniyar injin bincike, ba kirifto, ba sayar da bayanan masu amfani, kuma wanda ya ba da tallafi ba ya samun kujera a hukumar gudanarwa saboda kuɗinsa. Sun kuma ce suna ƙoƙarin ajiye kuɗin da zai riƙe su wata 18 a kowane lokaci, shi ya sa ba sa ɗaukar ma'aikata barkatai, injiniyoyin da ake biya 'yan kaɗan ne, sauran duk masu sa kai. Ni a ganina ƙanƙantar tasu ce ma kariyarsu, wanda bai saba da kashe ɗaruruwan miliyoyi ba ba ya shiga halin da sai ya miƙa wuya kafin ya rayu.

Malam Nura: Haka ne amma kar mu zagi Mozilla a kan wannan. Shekara 20 suna riƙe da Gecko su kaɗai, ba don su ba da tuni magana ta ƙare. Kun ga shari'ar da aka yi a Amurka, alƙali Amit Mehta ya yanke a Agustan 2024 cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba, amma da aka zo maganar hukunci a Satumban 2025 bai tilasta a sayar da Chrome ba kuma bai hana biyan kuɗin gaba ɗaya ba, ɗaya daga dalilan shi ne in aka yanke kuɗin irin su Firefox ne za su fara jin jiki. Ka ga irin tarkon da ake ciki, wanda kake gasa da shi shi ke ciyar da kai.

Jamilu: Ni na haɗa Ladybird ɗin a laptop ɗina sati biyu da suka wuce, bari in faɗa muku abin da na gani da idona. Babu fayil ɗin da za ka sauke ka danna kawai, sai ka ɗauko kod ɗin daga GitHub ka haɗa da kanka. Karon farko ya tsaya a tsakiya saboda wajen ajiyata ya cika, na share wasu abubuwa na sake, ya ɗau lokaci sosai fanka na ta kuka saboda sai ya fara haɗa duk laburaren da yake dogaro da su. Da taga ta buɗe abin da na fara shiga Wikipedia ta Hausa ce, don ina so in ga ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ko za su fito daidai ko za su zama akwatuna. Sun fito tsaf, manya da ƙanana. Na shiga shafin Larabci, rubutun ya taho daga dama zuwa hagu haruffa a haɗe yadda ya kamata. Na zauna ina kallon allon na ɗan lokaci wlh, don na san wannan shafin ba Google ba ne ya zana shi ba Apple ba.

Ummi: Masha Allah. Yaya Jamilu to za a iya komawa kansa yanzu ke nan?

Jamilu: A'a ƙanwata kar ki yi haka. Su da kansu sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa bai ko kai alfa ba, na masu gina manhaja ne kawai a yanzu. Ni ban sa kalmar sirrina ko ɗaya a ciki ba kuma ba zan sa ba sai an daɗe ana gwada tsaronsa. Ko alfa ta fito ma ma'anarta a zo a gwada a kawo rahoton abin da ya karye.

Hajara: Kuma game da kashi 90 ɗin nan Yaya Abu Yasir, a riƙa yi wa mutane bayani don kar su ɗauka kashi 90 na shafukan duniya ne ke aiki. Ƙananan gwaje-gwaje ne kusan miliyan 2, kuma wani kaso mai yawa a cikinsu na yadda ake sarrafa haruffan Sinanci da Japananci da Koriyanci ne, in ka gyara wannan ɓangaren kaɗai lambarka za ta yi tsalle sama. Ragowar kashi 10 ɗin nan ne wahalar take. Amfanin lambar a zahiri shi ne tana cikin sharuɗɗan da Apple ya gindaya kafin ya bar wani injin da ba WebKit ba ya hau iPhone, abin da dokar Tarayyar Turai ta tilasta masa tun iOS 17.4 a 2024. Kafin nan ko Chrome ka sauke a iPhone WebKit ne a cikinsa, kuma har yanzu haka yake a mafi yawan ƙasashe.

Abu Yasir: Na gode da gyaran, gaskiya ne ya kamata in faɗi haka tun farko.

Sadiq: To ni ga abin da zai sa in ko kalle shi. Na ɗaya uBlock Origin, abin toshe tallan nan da ake ƙara wa burauza. Tun da Chrome ya kawo sabuwar ƙa'idarsa ta abubuwan da ake ƙara wa burauza mai suna Manifest V3 ya kashe cikakken uBlock ɗin na koma Firefox, saboda can har yanzu yana aiki yadda mai shi Raymond Hill ya rubuta shi. Duk burauzar da ba zan iya toshe talla da masu bin sawu a ciki ba ba ni ba shi. Sannan ya haɗa min alamomin shafukana da kalmomin sirri tsakanin waya da kwamfuta, sannan bidiyo ya yi ba tsinkewa

Hajara: Ka ga kai da kanka ka ba da amsar tambayarka ta farko. Me ya sa ka iya guduwa Firefox da aka taɓa maka uBlock? Saboda injinsa daban ne, shawarar Google ba ta hau kansa ba. Sauran masu rigar Chromium kuwa kowa sai da ya nemi dabara, Brave da Vivaldi abin toshe tallarsu a jikin burauzar yake shi ya cece su. Yanzu ka ɗauka Firefox ɗin babu shi, ina za ka?

Sadiq: Wannan kam kin kama ni Anti, ban musa ba. Amma har yanzu ina kan bakana a maganar bidiyo

Jamilu: Bidiyo kashi biyu ne. Na yau da kullum suna amfani da FFmpeg, wani laburaren bidiyo da wasu suka rubuta, don tun da suka rabu da SerenityOS suka sassauta dokar nan ta cewa komai sai sun rubuta da kansu. Yanzu zane da Skia suke yi, jawo bayanai daga intanet da curl, injin shafi da na JavaScript ne dai nasu zalla, LibWeb da LibJS. Amma irin Netflix da Spotify wata magana ce daban, suna kulle kayansu da DRM, wato makullin hana kwafa, wanda aka fi amfani da shi kuma Widevine ne, mallakin Google, sai da lasisi. Ko Firefox ma daga wajen Google yake sauko da wannan ɓangaren. To kar kowa ya sa ran kallon fim ɗin Netflix a alfa.

Malam Nura: Sauri fa Jamilu? Na ji an ce ba su da JIT

Jamilu: Eh Malam, LibJS fassara kod ɗin yake yi yana gudanarwa, ba ya mayar da shi yaren na'ura nan take, wato JIT ke nan, yadda V8 na Chrome da SpiderMonkey na Firefox ke yi. A shafin karatu ba za ka ji bambanci sosai ba, a shafuka masu nauyi irin waɗanda suke kamar manhaja guda a cikin burauza nan ne za a ji. Amma yana da ɗan alherinsa, JIT na cikin manyan ƙofofin da masu kutse ke bi, shi ya sa Lockdown Mode, yanayin tsaurara tsaro na Apple, yake kashe shi. Kuma tsarin da suka bi kowane tab yana da nasa aikin daban, mai buɗe hotuna daban, mai hulɗa da intanet daban, in wani mugun hoto ya rikita ɓangare ɗaya ba zai ja sauran ba.

Ummi: Ni Windows nake da ita, wayata kuma Android. Wato ba ni a ciki ke nan 😔

Abu Yasir: A alfa dai Linux da macOS suka yi alkawari. Wasu na kunna shi a Windows ta hanyar WSL, wato Linux ɗin da ke zama a cikin Windows, amma wannan aikin masu haƙuri ne. Kuma gaskiya nan ne nake ganin babban giɓin yake, mafi yawan mutanen duniya ta waya suke shiga intanet, burauzar da ba ta kan waya ba za ta canza lissafin masu gina shafuka ba ko da ta fi kowa kyau. Na fahimci dalilinsu, mutum kaɗan ba za su rungumi komai lokaci ɗaya ba, amma ina fata da zarar beta ta fito su juyo kan Android.

Malam Nura: Akwai wata matsalar da ba a ambata ba, ita ce shafukan da ke duba sunan burauza kafin su buɗe maka ƙofa. Vivaldi fa Chromium ne a ciki, amma a 2019 sai da suka cire sunansu daga bayanin da burauza ke aikawa suka bar shi kamar Chrome, saboda wasu shafuka na ganin baƙon suna sai su lalace ko su ce ka sauya burauza. In an yi wa ɗan gida haka ina ga baƙo. Ga kuma shingayen nan na tabbatar da cewa kai mutum ne, sabon inji na iya yi musu kama da bot. Shi ya sa na ji daɗin ganin Cloudflare cikin masu tallafawa, don shafuka masu ɗimbin yawa a bayansu suke.

Hajara: Kuma Servo ma suka tallafa wa a lokaci guda ko Malam?

Malam Nura: Ni dai Ladybird na gani a sanarwar tallafin, ban ga Servo ba. Servo dai, shi ma injin burauza ne, yana nan da ransa, Mozilla ta faro shi a 2012 da yaren Rust, ta sallami ma'aikatansa a 2020, ya koma ƙarƙashin Linux Foundation, mutanen kamfanin Igalia suka farfaɗo da shi daga 2023. Shi ya fi karkata ga a saka shi cikin wasu manhajoji, Ladybird kuma burauza cikakke yake son zama. In duka biyun suka tsaya da ƙafarsu injuna sun zama biyar.

Hajara: Wani amfanin da mutane ba sa gani, su masu Ladybird daga rubutacciyar ƙa'ida suke gini layi bayan layi, so in ƙa'idar HTML ko CSS tana da kuskure ko wani waje mai harshen damo su ne ke cin karo da shi su kai rahoto a gyara. Tsofaffin injuna sun riga sun saba da halin juna ba sa lura. Ko ba ka taɓa buɗe Ladybird ba wannan gyaran zai iso ka.

Sadiq: To shi ke nan zan gwada alfa in ta fito, amma a tsohuwar kwamfutata, Firefox na nan a matsayinsa. Jamilu RAM nawa ne a taka da ka haɗa shi?

Jamilu: 8GB ne, ya yi amma ka rufe komai kafin ka fara, kuma ka tabbatar kana da sarari sosai a diski. Akwai bayanin matakan a cikin ma'ajiyarsu ta GitHub, ka bi na irin Linux ɗinka daidai kar ka tsallake ko ɗaya.

Ummi: Yaya Jamilu don Allah in ka sake buɗewa ka gwada mana rubutun ajami, ina da wani shafi da nake karantawa wasu haruffan ba sa fita a wayata

Jamilu: Turo min adireshin ta inbox. Sau da yawa irin wannan daga font ne ba daga burauza ba, in na'urar ba ta da font mai ɗauke da harafin ba abin da zai fito. Zan buɗe shi a Ladybird da Firefox gefe da gefe in ɗauki hoton allo in saka a nan gobe in sha Allah.